Ihu Bayan Hari Ya Ishe Mu Haka Nan



Yau ba zancen wa zai samu tikiti ko wa ya sauya sheƙa zan yi ba. Zancen rai zan yi, tunda sai da rai ake siyasa, gawa kuma ba ta kaɗa ƙuri'a. Na san wasu za su ce lokacin bai dace ba, wasu su ce ina miƙa wa abokan hamayya makami. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, in an gama sai a yi mini hukunci. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kowa ya haddace yadda abin ke tafiya a ƙasar nan. A kai hari da tsakar dare. Da safe hotuna su cika Facebook da WhatsApp. Kafin azahar fadar gwamnati ta fitar da sanarwar Allah wadai, a ce an umarci jami'an tsaro su kamo masu laifi duk inda suke. Washegari manya su je jaje da jerin gwanon motoci, a sauke buhunan shinkafa, a kafa kwamiti. Magoya baya kuma su rabu gida biyu: in gwamnan nasu ne, a ce makircin 'yan adawa ne, in ba nasu ba ne, a ce ya gaza, ya sauka kawai. Bayan mako biyu wata sabuwa ta taso, a manta. Mutanen ƙauyen kuwa suna nan inda aka bar su, makarantarsu ba katanga, motar 'yan sandansu ba mai, suna jiran ranar da za a dawo musu. Wannan shi Bahaushe ke kira ihu bayan hari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin manyan hare-haren da suka girgiza ƙasar nan ba daga sama suka faɗo ba. An ji ƙishin-ƙishin ɗinsu, wani lokaci ma an rubuta a takarda an kai ofis. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a ce shaci-faɗi nake yi.

A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga sakandaren Chibok. Makonni bakwai kafin nan an yi wa ɗalibai maza kisan gilla a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a Yobe, ke nan ba wanda zai ce bai san ana farautar makarantun kwana ba. Daga baya ƙungiyar Amnesty ta ce an sanar da sojoji sama da awa huɗu kafin maharan su iso Chibok. Rundunar soja ta musanta, amma dai an tafi da yaran a manyan motoci ba wanda ya tare hanya.

Shekara huɗu bayan haka, ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka shiga Dapchi aka ɗebi 'yan mata 110. Gwamnan Yobe na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya fito ya ce an janye sojoji daga garin kafin harin. Sojoji suka ce ai sun miƙa tsaron garin ga 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba wanda ya miƙa musu komai. Ku dubi wannan fa jama'a: gari guda, makarantar 'yan mata guda, hukumomi biyu, kowa na cewa ba a hannunsa take ba. Biyar daga cikin yaran sun rasu, Leah Sharibu kuma ba a sako ta tare da sauran ba. In kuna zaton an ɗauki darasi, to ranar 17 ga Nuwamba 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga a jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce an samu bayanan sirri, an tura sojoji, sai suka janye gab da harin. Labarin Dapchi ne sak, suna kawai aka canza.

Mu dawo jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A watan Oktoba 2021 an tayar da bam a kan layin dogon, Allah ya taƙaita. Ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai farmaki filin jirgin saman Kaduna. Kwana biyu kacal bayan nan, ranar 28 ga Maris, aka dasa wa jirgin ƙasan bam, aka kashe aƙalla mutum 8, aka shige daji da sama da 60. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce tun kafin nan ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin na sama da naira biliyan 3, majalisar zartarwa ba ta amince ba. Ko waye mai gaskiya tsakaninsa da abokan aikinsa, abu ɗaya ya tabbata: an san layin na cikin haɗari, aka ci gaba da jigilar mutane da daddare. Sai a watan Oktoba aka sako rukunin ƙarshe na mutum 23, bayan wata shida a hannun masu garkuwa.

Sai Kuje. Daren 5 ga Yuli 2022, a babban birnin tarayya, mayaƙan ISWAP suka fasa gidan yari, fursunoni 879 suka tsere a ƙidayar hukuma, cikinsu har da mutum 64 da ake tsare da su kan zargin Boko Haram. Mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin, Idris Wase, ya faɗa a zauren majalisa cewa hukumar DSS ta rubuta rahoto har 44 kafin harin. Shugaba Buhari da kansa ya je wurin ya ce tsarin tattara bayanan sirri ya ba shi kunya. Kuma fa ba sabon salo ba ne. Tun watan Satumba 2010 Boko Haram ta fasa gidan yarin Bauchi ta saki fursunoni sama da 700, daga nan ta sake miƙewa bayan rikicin 2009. Shekara goma sha biyu tsakani, dabara ɗaya, ta sake ci.

Ko Lakurawa da ake ta magana a kai yanzu, tun wajen 2018 mutanen Tangaza da Gudu ke faɗin cewa akwai baƙi ɗauke da makamai a dazukansu, suna wa'azi suna karɓar zakka da ƙarfi. Sai a watan Nuwamba 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta ce sabuwar ƙungiya ta ɓulla. Sabuwa a wurin wa? Kukan kurciya jawabi ne, amma sai an samu mai saurare.

Ku lura da wani abu. Chibok a zamanin Jonathan aka yi, Dapchi da Ƙanƙara da Jangebe a zamanin Buhari, Kuriga da Maga a zamanin Tinubu. Lokacin da aka kwashe yaran Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, shugaban ƙasa yana Daura, cikin jihar. Ɗan ta'adda ba ya tambayar katin jam'iyya kafin ya harba. Saboda haka duk wanda ya ce maka canza jam'iyya kaɗai zai kawo tsaro, ko kuma wai tsayawa da jam'iyyarmu kaɗai ya wadatar, bai faɗa maka gaskiya ba. Cutar tana cikin tsarin aikin, kuma duk wanda ya hau kujera bai taɓa tsarin ba, zai gaji cutar.

To mene ne cutar? A nawa ganin, tsakanin kunnen da ya ji labari da ƙafar da za ta taka ta je wurin, akwai rami mai zurfi. Manomi ya ga babura sun taru a bakin daji, ya faɗa wa mai unguwa. Mai unguwa ya faɗa wa dagaci, dagaci ya kira hakimi, hakimi ya kira DPO. DPO ya duba ya ga mutanensa ba su kai na maharan ba, motarsa ba mai, ya kira babban birnin jiha. Sojan da ke kusa ya ce sai ya samu umarni daga sama. Jirgin yaƙi kuma nasa umarnin daban ne. Kafin saƙon ya gama zagaya ofisoshi, masu babura sun gama aikinsu sun koma. Ɗan bindiga waya ɗaya yake bugawa a tara masa mayaƙa, mu kuwa sai an bi matakala bakwai.

Kundin tsarin mulkinmu ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati, a sashe na 14. Amma shi dai wannan kundin, a sashe na 214, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa, a sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya nemi a kai umarnin gwamna gaban shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Shi ya sa za ka ji ana kiran gwamna shugaban tsaron jiha, alhali ko kofur ba zai iya canza wa wurin aiki ba. Wannan gaskiya ce, amma ta zama mafaka. Gwamna ya ce ba ni da iko, Abuja ta ce mun tura kuɗi, talaka ya rasa wanda zai riƙe.

Kada kuma a ce mana dokoki ko ofisoshi ne babu. An yi dokar yaƙi da ta'addanci a 2011, aka gyara ta a 2013, aka sake sabuwa a 2022. Akwai cibiyar yaƙi da ta'addanci ta ƙasa a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Akwai hukumar NEMA tun 1999, jihohi ma suna da nasu hukumomin agajin gaggawa. Bayan Chibok, a watan Mayu 2014, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja tare da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown. A ƙarshen 2022 aka sake fitar da tsarin kashe sama da naira biliyan 144 kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Duk da haka ranar 7 ga Maris 2024 aka kora yaran Kuriga cikin daji da safiyar Allah, aka kwashe kwanaki ana musun ko su nawa ne: an fara cewa 287, da aka sako su aka ce 137 ne. Hukumar da ba ta san adadin yaran da ke makarantarta ba, ta yaya za ta tsare su?

Kuɗi ma an kashe. Kowa ya tuna badaƙalar dala biliyan 2.1 ta sayen makamai da ta kai Sambo Dasuki gaban kotu. A watan Disamba 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don tsaro. Ga kuma kason tsaro da shugabanni ke karɓa ba tare da ba da bahasi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara. Ni ban ce duk sacewa ake yi ba. Tambayata ita ce, cikin wannan kuɗi nawa ya isa ofishin 'yan sandan ƙaramar hukumarku a matsayin man mota da rediyon sadarwa? In wani ya sani, ya rubuta mana a ƙasa.

Yanzu bari in taɓo ɓangaren da ba mu cika magana a kansa ba, wato abin da ke faruwa a awa ta farko bayan hari. Ba ƙasar da ta iya hana kowane hari, ko Amurka ba ta iya ba. Amma yawan waɗanda za su mutu ya danganta da shirin da aka yi tun kafin ranar. Mutumin da harsashi ya same shi a cinya, jini ne ke kashe shi kafin a kai shi asibiti. Mutanen Kano ba za su manta da 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da aka rasa aƙalla rai 185, ko Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 a babban masallacin ƙofar gidan Sarki, inda sama da mutum 100 suka rasu. A irin waɗannan ranaku, jama'ar gari ne ke ɗaukar masu rauni a motocin haya da a-daidaita-sahu, asibitoci su cika maƙil, a shiga cigiyar masu ba da jini. Allah ya saka wa mutanenmu, ba su taɓa gazawa wajen taimako ba. Amma shekara goma da ɗoriya bayan nan, babban asibitin ƙaramar hukumarku zai iya karɓar mutum talatin masu raunin bindiga a dare ɗaya? Akwai jini a ajiye? Akwai wuta a ɗakin tiyata? Mutum nawa a unguwarku suka san akwai lambar gaggawa ta 112? Mutum nawa suka san tun 2017 akwai dokar da ta tilasta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba?

Ku dubi Kenya, ƙasar Afirka ce kamar mu, kuma Alshabab ta addabe ta. A watan Satumba 2013 aka kai hari rukunin kantunan Westgate a Nairobi. Aka kwashe kwana huɗu ana fafatawa, mutum 67 suka mutu, sojoji da 'yan sanda suka shiga ba tare da shugaba ɗaya ba har suka harbi juna. A watan Afrilu 2015 aka kashe mutum 148 a jami'ar Garissa, 'yan sandan musamman suka yi awanni a Nairobi suna jiran jirgin da zai kai su. Kenyawa suka sha suka, suka zauna suka gyara: wa ke ba da umarni in abu ya faru, wa zai fara shiga, ina motocin asibiti za su tsaya. Da aka kai hari otal ɗin Dusit a watan Janairu 2019, an rasa mutum 21, wanda ko rai ɗaya ma asara ne, amma an fitar da sama da 700 da ransu, aka gama cikin ƙasa da kwana ɗaya. Maharan ba su rage mugunta ba, masu tarbarsu ne suka yi atisaye. Mu yaushe rabon da ku ji an yi atisayen ko-ta-kwana a wata makarantar kwana ko babbar kasuwa a jiharku? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rashin shiri yana kashe mutane ta wata hanyar ma. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, hedikwatar tsaro da kanta ta ce mutum 112 suka mutu, ta kuma ce ba a sa sansanin a taswirar aikin soja ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri, NEMA ta ce an binne mutum 85. Bayan asarar rayukan, akwai asarar amana. Ƙauyen da aka yi wa haka, gobe in ya ga 'yan bindiga, da wace zuciya zai kira hukuma? Kuma ba a cin wannan yaƙi sai da bakin mutanen gari. Su ma 'yan ta'addan da ɗan gari suke cin gari, infoma ne idonsu. Maiduguri ba ta fara numfashi ba sai a 2013 da matasa 'yan kato da gora suka tashi suka fara nuna wa sojoji waye waye.

Na san abin da wasu za su ce: harkar tsaro sirri ce, ba a tattauna ta a Facebook. Gaskiya ne, ba wanda ya ce a faɗa mana ranar da za a shiga daji ko ta wace hanya. Amma katangar makaranta sirri ce? Albashin ɗan sanda sirri ne? Rahoton kwamitin da aka kafa da kuɗin jama'a bayan an kashe jama'a, don me zai zama sirri? Kwamitoci nawa aka kafa tun daga Dapchi zuwa Kuje, kuma manyan jami'ai nawa kuka ji an hukunta a bainar jama'a saboda an ba su gargaɗi sun yi barci? Inda ba a hukunta sakaci, sakaci ya zama al'ada. Sau da yawa kalmar sirri bargo ce da ake lulluɓe gazawa da ita.

Wasu kuma za su ce a kafa 'yan sandan jihohi kawai a huta. Ni ina goyon bayan a kawo tsaro kusa da jama'a, don ɗan sandan da aka turo daga wata uwa duniya, bai jin yaren gari bai san hanyar daji ba, aikinsa rabi ne. Jihohi ma sun riga sun fara da nasu salon: Amotekun a kudu maso yamma tun 2020, dakarun tsaron al'umma na Katsina a watan Oktoba 2023, Askarawan Zamfara a watan Janairu 2024. Amma mu 'yan siyasa mun fi kowa sanin haɗarin. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka yi amfani da 'yan dokan En'e a kan 'yan adawa a jamhuriya ta farko. Mun kuma ga yadda wuce gona da irin wasu 'yan sa-kai, masu kashe mutum a kasuwa don kawai kamanninsa ko yarensa, ya ƙara rura wutar Zamfara. Saboda haka in za a yi, a yi da doka: hukumar ɗaukar aiki da ba ta aljihun gwamna ba, horo, albashi a kan kari, da kotun da za ta iya hukunta su. Duk bindigar da muka yarda a ba gwamnanmu yau, mu tuna gobe tana iya komawa hannun gwamnan da ba namu ba.

Haka batun maƙwabta. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, dangi ɗaya ne a kowane ɓangare, kasuwa ɗaya, daji ɗaya. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka ta yi tsami, har a watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Ko me mutum ke gani game da sojojin Yamai, wanda ya ci ribar wannan ɓaraka shi ne mai babur da bindiga da ke tsallaka iyaka ba fasfo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dole a ci gaba da magana da Nijar kan tsaron iyaka, ko da ana hararar juna a kan sauran batutuwa.

Kakanninmu ba su da jirgin yaƙi, amma sun san shiri. Da suka gina ganuwar Kano, sun bar gonaki a cikinta don ko an yi wa birni ƙawanya a samu abinci, kowace ƙofa kuma da sarkinta mai sanin wa ya shiga wa ya fita. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, shi da kansa ya tare a Wurno. Baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Ba cewa nake a koma zamanin ganuwa ba, amma hikimar tana nan: ana gina kariya ne lokacin zaman lafiya, kuma shugaba yana kusa da inda haɗarin yake.

To me ya rage gare mu, mu da ke yawon kamfe, muke tsayawa a rumfar zaɓe, muke kare 'yan takara a waya dare da rana? Ƙarfinmu shi ne, kowane ɗan takara sai ya biyo ta kanmu. Kafin mu ɗaga hannun kowa, daga kansila har gwamna, ina ba da shawarar mu zaunar da shi mu yi masa tambayoyi, a kuma ɗauki amsarsa a waya don gobe.

Mu tambaye shi: in mai unguwa ya ga abin tsoro da ƙarfe biyun dare, wace lamba ɗaya zai kira, waye zai ɗauka, kuma cikin minti nawa za a iso? Zai kafa ɗaki ɗaya a jiha inda soja da ɗan sanda da DSS da sibil difens da 'yan kwana-kwana da jami'an lafiya za su zauna tare dare da rana, a rubuta lokacin da kowane kira ya shigo da lokacin da aka amsa? Makarantun kwana nawa ne a jihar ke bakin daji, wacce za a katange, wacce za a haɗe da wata a cikin gari, kuma nan da wane wata? Zai bayyana wa majalisar jiha, ko da a zaman sirri ne, yadda ya kashe kason tsaro? Asibitoci nawa zai tanada da jini da wuta da motar ɗaukar marasa lafiya mai aiki? In aka ba jami'i gargaɗi a rubuce ya yi biris har aka rasa rai, me zai same shi? Wanda ya amsa da "in sha Allahu za mu duba" kawai, mun san inda ya dosa. In sha Allahu gaskiya ce, amma ana haɗa ta da aiki.

Shugabannin ƙananan hukumomi ma kada su laɓe. Tun ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Mu matsa a aiwatar, sannan mu matsa a ga kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma yana zama da gaske, da hakimai da limamai da fastoci da shugabannin Fulani da 'yan kasuwa da direbobi da mata a ciki. Matar da ke zuwa itace da direban da ke bin hanyar ƙauye sun fi wani babban jami'i sanin abin da ke motsi a daji. Amma ba za su yi magana ba sai sun tabbata sunansu ba zai koma kunnen 'yan bindiga ba. Kare mai ba da labari shi ne rabin aikin.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira gwamnati ba. Muna da shugabanni a kowace mazaɓa, muna da zaurukan WhatsApp da ke iya tara ɗaruruwan matasa a yini ɗaya in za a tarbi ɗan takara. Me zai hana wannan tsarin ya yi wa rai aiki? A gayyaci ma'aikatan lafiya ko 'yan Red Cross su koya wa matasanmu yadda ake tsayar da jini da ɗaukar mai rauni. A rubuta sunayen masu niyyar ba da jini da rukunin jininsu. A tara lambobin DPO da asibiti da hakimi a manna a masallaci da coci da tasha. Iyayen yara su je makaranta su tambayi shugabanta, in an ji harbi, ina yara za su nufa, wa ke riƙe da makullin ƙofa?

Sannan don Allah mu kama hannunmu a ranar tashin hankali. Kada ka tura hoton gawa, iyalanta na iya gani kafin a sanar da su. Kada ka rubuta cewa ga motocin sojoji nan sun nufi wuri kaza, su ma maharan suna da waya. Kada ka yaɗa muryar da ba ka san mai ita ba, tsohon bidiyon wata ƙasa ya sha tayar da fitina a garin da ke zaune lafiya. Kuma kada ka yi murna don an kai hari a jihar da abokan hamayya ke mulki. Wallahi wannan ba siyasa ba ce, rashin imani ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. 'Yan bindigar da suka fara daga Zamfara ai ba su tsaya a Zamfara ba.

Sojojinmu da 'yan sandanmu 'ya'yan talakawa ne irinmu, da yawa sun bar marayu a bariki. Neman a gyara tsari ba cin fuskarsu ba ne, su ne ma farkon waɗanda za su amfana, don su ake turawa gaba ba isasshen kayan aiki. Haka nan faɗa wa jagororinmu gaskiya ba juya musu baya ba ne. Masu yi musu kirari suna da yawa, kuma ranar da abu ya lalace su ne farkon sauya sheƙa.

Wannan saƙo a kai shi taron mazaɓa na gaba, a karanta a gaban shugabanni, a sa shi cikin sharuɗɗan da ɓangarenmu zai gindaya wa duk mai neman goyon bayanmu. Wanda ke da ƙarin tambaya da ta dace a yi wa 'yan takara, ya ajiye ta a ƙasa mu haɗa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba shugabanninmu kunnen jin gargaɗi tun kafin a kai ga jaje. Amin.